Satar Tsawa

A bakin yayanta ta fara jin labarin littafin. Ta je duba shi ne a ƙarshen mako, kamar yadda ta saba tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ta tarar ya miƙe ƙafa a kan kujerar roba, rediyo a gefensa. Ba ta gama zama ba ya ce mata ɗansa, wanda ta riƙa, ya zama marubuci. An buga littafin, in ji shi, an kai kwalaye gidan rediyo, za a ƙaddamar ranar da shirin zai cika shekara goma. Sai kuma ya dafe baki, ya ce ai yaron ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, so yake ya ba mutane mamaki.

"Har da ni?" ta tambaya.

"Ke ce ma kan gaba," in ji Yaya, yana dariya. "Ya ce kuka za ki yi don murna."

Ta ce Allah ya sanya alheri. Ta duba kwalaben maganinsa, ta yi wa matarsa faɗa a kan gishiri, ta tafi.

Shirin da zai cika shekara goma nata ne. Ta daɗe tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata kafin ta bar aji, ta kai wa wani ƙaramin gidan rediyo shawarar wani shiri: kowane mako a ɗauki salon magana guda ɗaya na Turawa, a faɗi ma'anarsa da Hausa, a nuna inda ake amfani da shi da inda ba a yi. Da farko ita kaɗai take gabatarwa. Daga baya ta kawo ɗan yayan nata, wanda a gidanta ya yi sakandare, ya gama karatu yana zaman banza. Yaron yana da murya, wannan ba a musu. In ya ce "masu saurare" sai ka ji kamar an buɗe ƙofar babban ɗaki. Manajan gidan ya ce a yi shirin da murya biyu, malami da ɗalibi. Da wani kamfanin sabulu ya ɗauki nauyin shirin, sai aka ce muryar namiji ta fi kama da ta malami. Aka sauya musu kujera. Shi ya zama Farfesa, ita ta zama Ɗaliba, wadda aikinta shi ne ta ƙanƙance murya ta ce, "Malam, ban gane ba."

Wannan jimlar ta bi ta har kasuwa. Masu kayan miya suna kiranta Ban-Gane-Ba. Wata tsohuwar ɗalibarta, wadda ta koya wa rubuta wasiƙa, ta taɓa tsayar da ita a asibiti ta ce mata ta dage, da sannu za ta gane. Ba ta damu sosai ba. Ta san duk kalmar da ke fita daga bakin Farfesa ita ta rubuta ta, har da inda zai yi dariya da inda zai ja numfashi.

Ranar farko ta mako ta shiga ofishin Manaja don ajiye takardun shiri, ba ta same shi ba. Kwalayen suna bayan doguwar kujera, an lulluɓe su da tsohon labule. Ɗaya a buɗe yake. Ta zaro littafi guda ta saka a jaka, ta koma teburinta, ta karanta shi a ƙarƙashin jarida.

Hoton Farfesa ne a bango, ya dafe haɓa, sanye da tabarau da ba na magani ba. Sunansa a sama da manyan baƙaƙe. A ciki kuwa babu jimlar da ba ta sani ba. Ga labarin marigayi mijinta da ya sayo firji tun kafin a kawo wuta layinsu, wanda ta yi misali da shi a shekarar farko, lokacin Farfesa bai san hanyar gidan rediyon ba. Ga maƙwabciyarta mai kaji. Ga ɗinkin da tela ya ɓata mata. Ta juya zuwa shafin godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa mahaifinsa, da Manaja, da kamfanin sabulu, da abokansa na wurin motsa jiki. Layin ƙarshe ya ce: "Da Gwaggona, wadda ke taimaka mini da buga takardu."

Ta karanta layin sau biyu. Ta rufe littafin, ta tashi ta zuba ruwa ta sha, ta dawo ta ci gaba da aikin da ke gabanta. Wanda ya gan ta ranar ba zai ce wani abu ya faru ba.

Ta ba Farfesa dama, don kada daga baya ta ce da ta sani. Bayan sun gama shirin wannan makon, jar fitilar situdiyo ta mutu, ta tambaye shi ko akwai abin da yake so ya gaya mata. Yana naɗe wayar abin ji, ya ce babu, sai dai ta yi kwalliya ranar taro, kada ta zo da wannan mayafin nata ruwan toka da ke sa ta yi kama da shugabar makaranta. Ya ce in tana so zai saya mata yadi. Kwana biyu bayan nan ta sake tambayarsa a wurin ajiye motoci. Ya ce, "Gwaggo, kin cika bincike. Ki bari ki sha mamaki kamar kowa."

A wannan makon ne ta ji shi yana gwaji. Ta zo wucewa ta ƙofar ƙaramin situdiyo, ta ji muryarsa tana hawa tana sauka shi kaɗai. Jawabin ƙaddamarwa yake bita. Yana magana a kan yadda ya hana idonsa barci, yadda ya bi ƙamus shafi-shafi, yadda mutane suka ce ba zai iya ba. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya sake daga farko, ya sa rawar murya a kalmar "sadaukarwa". Ta tsaya ta saurara har ƙarshe. A duk shekarun da suka yi tare, wannan ne karo na farko da ta ji ya yi bitar wani abu.

Domin Farfesa ba ya karanta takardar shiri kafin a kunna makirfo. Abin alfaharinsa ne. Yakan ce bita tana kashe murya, shi sai ya ji maganar ta fito sannan yake sanin abin da ya faɗa. Yana kuma da wata ɗabi'a ta murza takarda a hannu, makirfo yana ɗauka. Saboda haka tun tuni suka saba: ita ke riƙe takardun duka, ta buga su da manyan baƙaƙe, tana tura masa falle ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, yana gama wannan tana janyewa. In an zo lokacin tambayoyin masu saurare, ita ke rubuta amsa da sauri a guntuwar takarda ta tura masa, shi kuma ya yi gyaran murya ya ce, "Tambaya mai kyau," har ta gama rubutawa.

Da Manaja ya kira su taron shiri, ya ce yana son salon maganar da za a yi ranar ya zama mai armashi, don za a watsa kai tsaye daga ɗakin taro, gaban jama'a, matar da ke wakiltar kamfanin sabulu kuma za ta zo da kanta. Gwaggo ta ce akwai wani da ta daɗe tana ajiyewa, wanda Turawa ke cewa an sace wa mutum tsawarsa. Ta ce za a iya samo fallen kwano, Injiniyan tasha ya riƙa girgizawa a bayan dandamali, a ji ƙarar tsawa. Manaja ya buga tebur ya ce shi ke nan. Farfesa yana danna waya, ya ce duk abin da Gwaggo ta zaɓa daidai ne.

Ta ɗauki lokaci a kan wannan rubutun fiye da kowane. Ba fushi ne ya sa ba, so take ya fita daidai. Ta lura mutane da yawa suna kuskuren wannan salon magana, suna ɗauka duk wanda ya ci gumin wani ya sace masa tsawa. Ba haka Turawa ke amfani da shi ba. Suna faɗinsa ne idan mutum ya shirya wani abu da zai ja hankalin jama'a, sanarwa ko labari ko bajinta, yana jiran lokacinsa, sai wani ya riga shi, ya kwashe idon mutane, ya bar shi tsaye da abin da ya riga ya huce. Kamar yarinyar da za ta sanar da saka ranarta a gaban dangi, sai ƙanwarta ta yi wuf ta faɗa. Abin da aka yi mata ba wannan ba ne. Abin da aka yi mata yana da suna mai sauƙi da kowane yare. Wannan kuwa, wanda take rubuta darasi a kansa, shi ne abin da za ta yi.

Ranar taron ta sa mayafinta ruwan toka. Ɗakin ya cika tun kafin lokaci, kujerun roba har bakin ƙofa, ɗalibai da malamai da masu shaguna da suka rufe suka zo ganin fuskar Farfesa. An rataye babban hoton sabulu a bango. A gefen dandamali akwai tebur da aka lulluɓe da farin ƙyalle, kowa yana ganin tudun abin da ke ƙasa, ba wanda ya san mene ne sai mutum huɗu ko biyar. Tsarin shi ne a ƙarshen shiri Farfesa ya yi jawabinsa, matar kamfanin ta hau ta yaye ƙyallen, masu hoto su ɗauka. An kawo Yaya a mota, an zaunar da shi a layin gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa.

Aka ba su alama. Farfesa ya ce "masu saurare", ɗakin ya ɗauki tafi. Ta tura masa fallen farko.

Ya karanta kalmomin Turancin a hankali, *steal someone's thunder*, ya maimaita, ya sa jama'a suka maimaita. Ya ba da labarin da ake bayarwa na asalin maganar: wani marubucin wasan kwaikwayo a ƙasar Turawa, shekaru aru-aru da suka wuce, ya ƙirƙiro dabarar yin ƙarar tsawa a dandamali. Wasansa bai karɓu ba, aka daina nuna shi. Wata rana ya shiga kallon wasan wasu a gidan, sai ya ji tsawarsa tana ruri a wasan da ba nasa ba, ya miƙe yana faɗa cewa sun ƙi wasansa amma sun sace masa tsawa. A nan Injiniya ya girgiza kwanon daga baya. Wata jaririya ta fashe da kuka, jama'a suka yi dariya. Farfesa ya ji daɗin kansa, muryarsa ta ƙara buɗewa.

Gwaggo ta ƙanƙance murya. "Malam, ban gane ba."

Rabin ɗakin ya faɗa tare da ita. Ta tura masa falle na gaba.

"To saurara da kyau, Ɗaliba," ya karanta. "A ce akwai wata mata da ta shekara goma tana rubuta darussa. Sai wani ya kwashe rubutun nan gaba ɗaya, ya buga littafi, ya sa sunansa da hotonsa. Wannan satar tsawa ce?"

"Ina jin ita ce, Malam."

"A'a," ya ce, ya ɗaga yatsa kamar yadda ya saba. "Wannan sata ce kawai. Babu tsawa a ciki."

Aka yi dariya sosai. Shi ma ya fara dariyar, sai ta ga ta tsaya masa a rabin fuska. Ya dubi fallen da take janyewa, ya dube ta. Ba ta dube shi ba. Layi na gaba nata ne, ba ta buƙatar takarda.

"To Malam, idan shi mutumin ya tara jama'a, ya ɓoye littafin a ƙarƙashin ƙyalle, yana jira ƙarshen taro ya ba su mamaki, sai matar ta tashi tun da sauran lokaci ta yi haka fa?"

Ta miƙe da makirfonta a hannu, ta taka zuwa teburin, ta kama gefen ƙyallen ta ja. Littattafan suka bayyana, an jera su kamar bene, fuskar Farfesa a kan kowanne. Biyu suka zamo suka faɗi ƙasa. Ta dawo ta tura masa falle mai layi ɗaya.

A rediyo ana yafe tari, ana yafe kuskure, amma ba a yafe shiru. Ita ta koya masa wannan a makonsa na farko. Ya karanta.

"Wannan ita ce satar tsawa."

Injiniya, wanda aka yi wa alama a takardarsa, ya girgiza kwanon da ƙarfinsa.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne tafin. Jama'a suka miƙe tsaye. Sun ɗauka duk cikin wasan ne, wata sabuwar dabarar ƙaddamar da littafi. Matar kamfanin sabulu tana tafawa tana gyaɗa wa Manaja kai. Manaja, wanda ya riga ya fara tashi daga kujera, ya koma ya zauna yana murmushi kamar shi ya tsara. Masu hoto suka ruga gaba. Farfesa ya dubi ɗakin, ya gane an buɗe masa hanya, ya shiga da gudu. Ya ware hannuwa ya ce kun gani, yau Ɗaliba ta gane, har ta fi malaminta. Aka ƙara tafi. Ya fara laluben farkon jawabinsa.

Gwaggo ta tsaya tana kallon abin yana suɓuce mata. In ta yi shiru yanzu, ta yi masa talla ne kawai, mafi kyau da aka taɓa yi masa. Tana iya barin abin a haka, ta koma gida da aikinta da yayanta. Ta dubi Yaya a layin gaba, yana buga sanda a ƙasa don murna. Ta ɗaga makirfon.

Ba ta ƙanƙance murya ba. Da muryar da ta yi shekaru tana tsayar da aji da ita ta yi magana, kuma mutane da yawa a ɗakin ba su taɓa jin ta ba.

"Wannan ba wasa ba ne. Ni ce matar. Ni na rubuta littafin nan, daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ban da shafin godiya. Yanzu lokacin tambayoyi ne. Ga Farfesa nan."

Ta ajiye makirfon a kan tebur. Ta tattara sauran takardun da guntayen da take rubuta amsa a kai, har da biron, ta saka a jaka. Ta sauka daga dandamali, ta zauna a kujerar da ke kusa da Yaya.

Wasu suna jiran a ce wannan ma cikin wasan ne. Ma'aikaciyar da aka ba makirfon tambayoyi ba wanda ya gaya mata an fasa, sai ta miƙa wa wadda ta fara ɗaga hannu, wata ma'aikaciyar jinya da ta zo da tambayarta a rubuce tun daga gida. Ta ce tana son sanin dalilin da ya sa Turawa ke cewa mutum yana ƙarƙashin yanayi idan ba ya jin daɗin jikinsa, kuma ko ana faɗa wa mai ciwo mai tsanani.

"Tambaya mai kyau," in ji Farfesa. Hannunsa ya tafi kan tebur inda takarda ta saba zuwa, ya dawo. Ya sake cewa tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ya yi magana a kan ruwan sama, da sanyi, da yadda Turawa ke da hikima. Ya ce amsar tana cikin littafin. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaya a wane shafi. Ya ɗauki littafi ɗaya ya fara buɗawa daga gaba, ya koma baya, ya dawo tsakiya. Gwaggo ta san shafin. Ta naɗe hannuwanta a kan jaka.

Wani dattijo daga baya bai jira makirfo ba, ya tambaya da ƙarfi shin wa ya rubuta littafin. Manaja ya juya yana yi wa Injiniya alama da hannu a wuya. Masu saurare a gida suka ji tallar sabulu ta shigo, ta ƙare, ta sake farawa, ta sake farawa.

Sai da aka fara watsewa Yaya ya yi mata magana. Bai juyo ba, idonsa yana kan dandamali inda ɗansa ke tsaye shi kaɗai kusa da teburin.

"Da kin zo kin gaya mini," ya ce. "Da na sa ya durƙusa a gabanki a cikin ɗaki."

"A cikin ɗaki ya buga littafin, Yaya?"

Ya kira direban da ya kawo shi, ya ƙi ta kama masa hannu.

Washegari Manaja ya kira ta ofis. Ya yi faɗa tsawon lokaci. Ya ce ta tozarta gidan a gaban mai ba su abinci. Ya ce rubutun da aka yi wa tasha na tasha ne, kuma suna ake saya, ba wanda zai ciro kuɗinsa don littafin Ban-Gane-Ba. Ta bar shi ya gama, ta ajiye masa makullin teburinta. Bai karɓa ba, ita kuma ba ta ɗauka ba. A makon nan, da lokacin shirin ya yi, kiɗa aka saka.

Kamfanin sabulu ya aiko cewa ba zai raba littafin a makarantu kamar yadda aka shirya ba sai an daidaita maganar suna, kuma ba zai biya a sake bugawa ba. Manaja ya aiko mata da Injiniya, ya ce idan an sake bugu nan gaba za a sa sunayen biyu. Ta ba Injiniya shayi, ta tambayi iyalinsa, ta ce ya gaya wa Manaja ta ji. Aka sake aiko shi, aka ce sunanta a sama, na Farfesa a ƙasa. Ta ce ta ji.

Daga ƙarshe Farfesa ya zo da kansa, da hantsi, ba tabarau. Ya tsaya a bakin ƙofar falon da ya yi shekaru yana kwana a ciki, ya jira sai da ta ce ya shigo. Ya zauna a ƙasa. Ya yi dogon bayani, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ya ce Manaja ne ya kawo shawarar. Ya ce shi a ransa ya ɗauka shi da ita abu ɗaya ne, sunansa ai sunan gidansu ne. Ya ce yanzu ko shago ba ya iya shiga, yara suna bin motarsa suna cewa tambaya mai kyau. Ya ce Babansa ya daina cin abinci sosai. A nan ta ji wani abu ya taɓa ta, ta jira ya wuce.

"Gwaggo, me kike so in yi?"

Ta riga ta je wurin mai buga takardu a bakin titi. Ta shiga ɗaki ta fito da leda cike da 'yan siraran takardu farare, an yanka su daidai faɗin bangon littafin, kowace da sunanta. Ta ajiye masa tare da kwalbar gam. Ta ce a kawo kwalayen nan gidan, duka. Zai manna kowace takarda a kan sunansa, da hannunsa, ba ɗan aike ba, ba abokin motsa jiki ba. Shafin godiya kuma a yanke shi da reza. Ya tambaya hoton fa. Ta ce ya bar hoton, mutane su riƙa tambaya wane ne wannan.

Ya tambaya ko bayan nan za ta dawo shirin. Ta ce ba su kai nan ba.

Aka kawo kwalayen a bayan motar tasha, aka jibge su a barandarta har suka tare taga. Ya riƙa zuwa kullum bayan ya tashi daga aiki, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya zauna yana shafa gam. Maƙwabciyarta mai kaji takan leƙo ta katanga ta gaishe shi da aiki. Gwaggo ba ta hana shi ruwa ba, ba ta kuma zauna hira da shi ba. Takan ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa, duk littafin da ya gama ya miƙo mata, ta duba, ta saka a kwali.

Yaya bai kira ta ba tun ranar taron. Ta je gidan sau ɗaya, matarsa ta fito ta ce yana barci, alhali tana jin rediyonsa daga tsakar gida. Ta bar maganin gwiwar da ta sayo a kan tebur ta dawo. Ba ta sani ba ko zai huce, kuma ta lura ba ta yi nadamar da ya kamata a ce ta yi ba.

Da yamma ta yi a rana ta uku ko ta huɗu, yatsun Farfesa sun yi baƙi da gam da tawada, ya miƙo mata wani littafi ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce Babansa ya tambaya ko tana lafiya. Ta ce lafiya lau. Ta ɗaga littafin saitin haske, ta karkata shi. Takardar ta ɗan zame, kan baƙin farko na sunansa yana leƙowa daga sama.

"Wannan bai rufu ba," ta ce, ta mayar masa. "Ɓamɓare ka sake."